Lemun Tsami a Tsakar Gida: Daga Leda Zuwa Tsinka

Kowace shekara da zarar ruwa ya zauna, sai ka ga masu sayar da dashe a bakin titi sun jera lemun tsami cikin baƙaƙen ledoji, mutane na saye suna ɗaurawa a bayan babur. In ka leƙa gidajen nan bayan shekara guda, da yawa daga cikin itatuwan sun bushe, wasu kuma suna nan tsaye da ganye rawaya, ba su mutu ba, ba su yi gaba ba. Mai gida zai ce maka gara ce, ko ƙasar gidansa ba ta karɓar itace, ko mai dashe ya cuce shi. In na durƙusa na tone gindin, abin da nake tararwa kusan ɗaya ne: an binne wuyan itacen a rami mai zurfi, sannan ana kwarara masa ruwa a jiki safe da yamma. Gara kan zo, amma sai bayan ɓawon ya riga ya ruɓe.

Lemun tsami na son saiwarsa ta sami danshi, wuyansa kuma ya zauna a bushe. Rabin abin da zan faɗa a ƙasa bayanin wannan ne. Itace ne ƙarami mai ƙaya, tsayinsa bai cika wuce mita 3 zuwa 5 ba, ba ya kaɗe ganye da rani, kuma yawancin ƙananan saiwoyin da yake ci da sha da su suna kusa da saman ƙasa, cikin santimita 60 na farko. Shi ya sa ƙishi ke saurin kama shi, kwanciyar ruwa kuma ke saurin shaƙe shi.

Kayan da za ka tanada

Diga da shebur, da fartanya. Bokiti ko jarka mai lita 25. Reza ko wuƙa mai kaifi don yanka leda. Almakashin yankan reshe. Adda ba ta wannan aiki, tana tsaga itace. Kwando biyu na ruɓaɓɓen takin dabbobi, wanda ya kwana biyu har ya yi baƙi ya daina wari. Takin zamani NPK 15-15-15, da ƙaramin gwangwanin tumatir da za ka riƙa awo da shi. Turaku huɗu da waya mai raga, ko kara da ƙaya, don shinge. Sai abin rufe ƙasa: buntun shinkafa, ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa. Ka ƙara da sanda miƙaƙƙiya guda ɗaya, za ka ga amfaninta ranar dashe.

1. Zaɓen wuri

Rana yake so, aƙalla awa shida a wuni. Wanda aka dasa a inuwar mangwaro ko a lungu tsakanin ɗaki da katanga zai miƙe ya yi dogayen rassa, amma fure sai dai ka gani a gidan maƙwabci. Ka ja baya daga katanga da mita 2 da rabi ko 3, tsakaninsa da wani lemo kuma ka bar mita 5. Darbejiya da bishiyar turare ka nisance su gwargwadon yadda gidan ya ba ka dama, don saiwoyinsu na tafiya nesa, kuma duk ruwan da ka zuba su za su fara sha.

Akwai wurin da kowa ke sha'awa, wato bakin magudana, inda ruwan wanka da wanke-wanke ke bi. Lissafin shi ne itacen zai sha a ɓagas. Ruwan omo da bilic da kanwa yana tara gishiri a ƙasa, lemo kuwa na cikin itatuwan da ba sa jure gishiri. Bakin ganye zai fara ƙonewa, sannan ya zube. Ruwan alwala ba shi da laifi, muddin ka yi masa hanya ya tsaya nesa da jikin itacen, ba ya malala a gindi sau biyar a rana ba.

Kafin ka yanke shawara, haƙa rami ka cika shi da ruwa da yamma. In ka dawo washegari war haka ka tarar da ruwa kwance, wurin bai dace ba. A jigawa wannan ba ya faruwa, amma a ƙasa mai laka, ko inda marmara take kusa, yana faruwa sosai. In ba ka da wani wuri, sai ka tara tudu mai tsayin santimita 30 zuwa 40 da faɗin mita 1 da rabi, ka dasa a kansa.

2. Zaɓen dashe

Iri uku za ka tarar. Akwai wanda aka shuka daga ƙwallo. Lemun tsaminmu ƙanana masu 'ya'ya a ciki suna da wata baiwa: galibi abin da ƙwallon ya fitar yana kama da uwar, saɓanin mangwaro da yawa da kan ba da kunya. Sai dai za ka jira, shekara huɗu ko biyar, wani lokaci fiye, kuma ya fi ƙaya. In kai za ka shuka da kanka, kada ka shanya ƙwallon. Ka wanke ka shuka a ranar, don in ya bushe sosai ba ya tsirowa. Cikin mako biyu zuwa huɗu zai fito.

Akwai mai aure, wanda aka ɗauko ido daga itace mai kyau aka ɗora a kan wani lemo mai ƙarfin saiwa. Wannan kan fara 'ya'ya a shekara ta biyu ko ta uku. Sai na uku, wanda aka sa reshe ya yi saiwa tun yana jikin uwarsa sannan aka yanko. Yana saurin haihuwa, amma saiwarsa ba ta nitsewa ƙasa sosai, don haka ya fi jin ƙishi. Babban lemun tsamin nan marar ƙwallo ba ya samuwa sai ta aure ko ta reshe. Duk wanda ya ce maka daga iri ya shuka shi, ka riƙe kuɗinka.

Ni mai aure nake ba da shawara ga mai tsakar gida, amma sai ka ga auren da idonka. Dubi jikin dashen kamar taƙi guda daga ƙasa, za ka ga gaɓa ko ɗan lanƙwasa inda aka haɗa. In babu, ba a yi masa aure ba, ko me mai sayarwa ya rantse da shi. Ka murza ganye ka sansana, ƙamshin lemun tsami ba ya ɓuya. Kada girma ya ruɗe ka: dashe mai tsayin santimita 50 zuwa 70 da kaurin fensir ya fi wanda ya kai ƙirji cikin 'yar leda, domin na biyun saiwarsa ta nannaɗe a ciki, kuma in ta saba da nannaɗewa haka za ta ci gaba a ƙasa. Ɗaga ledar ka duba ƙasanta. In saiwa mai kauri ta huda ta shiga ƙasa har sai an fizge, ajiye shi. Wanda ke kusa da Kano yana iya tuntuɓar reshen cibiyar binciken kayan lambu da 'ya'yan itatuwa ta ƙasa, NIHORT, da ke Bagauda. Hedikwatarta tana Ibadan.

3. Rami

Santimita 60 faɗi, 60 zurfi. Ka haƙa mako biyu ko uku kafin dashe. Ƙasar sama ka ajiye ta gefe guda, ta ƙasa gefe guda. Gauraya ta saman da kwando biyun takin nan, ka mayar cikin ramin har ya cika, ka zuba ruwa, ka bar shi ya zauna.

Mutane kan tambaya, to me ya sa za a haƙa in za a sake cikewa? Don a sassauta ƙasa saiwa ta sami hanya, ba don a zura itacen ciki ba. Kuma jiran makonnin nan shi ke hana ƙasar ta lotsa bayan dashe ta ja itacen ƙasa. Ɗanyen kashin kaji ko ɗanyen kashin shanu kada su shiga ramin. Suna zafi in suna ruɓa, suna ƙona sabuwar saiwa, ɗanyen taki mai kara-kara kuma yana kiran gara. Takin zamani ma ba yanzu ba.

4. Dasawa

Lokacinsa shi ne bayan ruwa ya zauna: a Zariya da Kaduna cikin Yuni, a Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Wanda ya bari sai Satumba ya ba itacen makonni kaɗan ne kafin ruwa ya ɗauke. Ka dasa da yamma, ko ranar da hadari ya rufe rana.

Shayar da dashen tun yana leda, don ƙasar ta riƙe. A tsakiyar ramin da ka cike, buɗe gurbi daidai girman ledar, ba fiye ba. Yanke gindin ledar da reza, tsaga gefenta, ka zare ta gaba ɗaya. Wasu na barin ledar wai za ta ruɓe. Ba ta ruɓewa. In ka ga saiwoyi sun zagaye, warware su a hankali da yatsa, wadda ta lanƙwashe a ƙasa kuma ka datse ta.

Yanzu ɗauko sandar nan ka gitta ta a bakin ramin. Saman ƙasar da ta zo da dashen ya kasance ya ɗara sandar da kamar yatsu biyu ko uku. Ba daidai ba, ba ƙasa ba, sama kaɗan. Ido zai ce maka ya yi tudu da yawa, hannu zai so ya ƙara tura ƙasa. Kada ka biye musu. Ɓawon saiwa an halicce shi don zama cikin danshi, ɓawon jiki kuwa don iska. Akwai wata cuta da ke zaune cikin ƙasa, tana tafiya cikin ruwa, kuma inda take kama lemo shi ne wuyan nan in ya daɗe a jiƙe. Gaɓar aure kuwa dole ta tsaya sama da ƙasa da aƙalla santimita 15. In ka binne ta, ka zubar da amfanin auren, don na saman da ba shi da juriya shi ka miƙa wa cutar.

Danna ƙasa da hannu, ba da diddige ba. Sannan ka yi zobe biyu. Na ciki ɗan tudu ne kewaye da jikin itacen, kamar taƙi guda daga gare shi, wanda zai hana ruwa isa wuyan. Na waje kunya ce mai faɗin mita guda, wadda za ta tare ruwa. Tsakanin zobban biyu nan ne mashayarsa. Zuba jarka guda a nan take, ko da ana sa ran ruwan sama, don ƙasa ta manne da saiwa.

5. Shinge

A ranar, ba gobe ba. Akuya ba ta jin tsoron ƙayar lemo, kuma tohon da ta cinye cikin minti biyu wata biyu ne na itacen. Kaji ma kan tone gindi su fito da saiwa. Shingen ya kai tsayin ƙirji, ya ba rassa fili. Da hunturu ka jingina zana ta gefen arewa maso gabas, inda iskar ke fitowa, musamman a shekarar farko.

6. Ban ruwa

Da damina, in ana ruwa a kai a kai, ka ƙyale shi; aikinka a Agusta shi ne ka fasa kunyar waje ruwa ya fice, kada ya kwana a gindi. Aikin gaske na farawa ne daga Oktoba.

Ka'idar ita ce a shayar sosai, a tsahirta, a sake. A jigawa, sabon dashe na buƙatar lita 15 zuwa 20 duk bayan kwana biyu ko uku da hunturu; a ƙasa mai laka, sau biyu a mako ya isa, wani lokaci sau ɗaya. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, sai ka matso da kwanakin. Ɗan kofi-kofi na kullum yana jiƙa sama ne kawai, saiwa ta taru a nan, ranar da aka yi tafiya aka manta kuma rana ta gasa ta.

Abin da ke rikita sabon shiga shi ne, itacen da ruwa ya yi wa yawa da wanda ƙishi ya kama duk ganyensu na yin laushi ya sunkuya. Mai gida ya ga haka sai ya ƙara ruwa, garin gyaran gira a rasa ido. Kafin ka ɗauko bokiti, tura yatsa cikin ƙasar mashaya har ya nitse. In ka ji sanyi da danshi, ba ruwa yake nema ba. Ganyen mai ƙishi kan naɗe ya farfaɗo bayan an shayar. Na wanda ruwa ya shaƙe kan yi rawaya ya zube ko da ƙasa na jiƙe.

Rufe mashayar da buntu ko ciyawa mai kaurin yatsu huɗu, hakan na rage ƙafewar ruwa ƙwarai. Amma kada abin rufin ya taɓa jikin itacen. Bar taƙi guda fili, saboda danshi da kuma gara. Wanda ruwa ke masa wuya, ya binne tulun ƙasa marar fenti a mashaya har wuya, ya riƙa cika shi yana rufewa. Tulun zai riƙa tsatsar da ruwa a hankali daidai inda saiwa take. Kowace shekara ka faɗaɗa zoben waje ya bi inuwar rassa, domin bakin saiwoyin can suke, ba a gindi ba. Babban itace mai 'ya'ya kan sha jarka huɗu zuwa shida a mako da bazara.

7. Taki

Jira sai ka ga sabon toho, wajen mako shida bayan dashe. Sannan ka barbaɗa cikin ƙaramin gwangwanin tumatir guda na NPK, kimanin giram 60 zuwa 70, a zagaye cikin mashaya, ka ɗan rufe da ƙasa, ka shayar. Sau uku a shekarar farko. Shekara ta biyu ka ninka, haka kana ƙarawa har babban itace ya kai kilo 1 da rabi zuwa 2 a shekara, a raba kashi uku. Kwando biyu na ruɓaɓɓen taki a farkon kowace damina ya fi muhimmanci a jigawa fiye da yadda ake zato, don shi ke sa yashi ya riƙe ruwa. Kada a zuba takin zamani a busasshiyar ƙasa, kada kuma a tara shi a gindi.

Ganye na faɗin abin da ya rasa. In tsofaffin ganye ne suka yi rawaya bai ɗaya, yunwar taki ce. In sababbi ne suka fito rawaya amma jijiyoyinsu kore, ko suka fito ƙanana, yawanci ƙasar ce ta yi kanwa-kanwa har itacen ya kasa jan sinadarin ƙarfe da zinki. A nan ƙarin NPK ba ya magani. Takin feshi na ganye mai ɗauke da waɗannan sinadarai ake nema. Kuma uwargida ta daina juye tokar murhu a gindinsa, toka na ƙara wannan matsala. Noma da fartanya mai zurfi a ƙarƙashin rassa ma a bari, ciyawa a cire da hannu.

8. Aski

Lemun tsami ba ya son yawan aski. Abu uku kawai: duk tohon da ya fito ƙasa da gaɓar aure a murje shi tun yana ɗanye, don na gindin ne, ya fi ƙarfi, in aka bar shi zai danne na sama ka wayi gari da wani lemo daban, a cire busassun rassa da masu gogar juna, a ɗage rassan ƙasa kamar santimita 50 don kada su taɓa ƙasa. Furen shekarar farko ka tsinke shi, ko da ranka bai so, itacen ya gina jiki tukuna.

9. Abokan gaba

In ka ga ɓawon gindi ya yi duhu yana tsatsar da ƙaro, cutar nan ce ta wuya. Janye ƙasa da ciyawa daga gindin ya sha iska, kankare ruɓaɓɓen ɓawon da wuƙa mai tsabta har ka kai ga mai lafiya, ka shafa maganin da ke da sinadarin jan ƙarfe, irin wanda ake samu a shagunan kayan noma. In ruɓar ta zagaye jikin gaba ɗaya, ba ya tashi. Tumɓuke shi, kuma kada ka dasa wani lemo a ramin.

Tsutsar malam-buɗe-littafi kan cinye ganyen ƙaramin dashe cikin kwanaki. Tana ƙarama launinta baƙi da fari, sai ka ɗauka kashin tsuntsu ne; in ta girma ta koma kore. A itace ɗaya ko biyu, tsincewa da hannu da safe ya wadatar. Zanen fari mai karkace-karkace a sabon ganye kuwa wata 'yar tsutsa ce da ke cikin ganyen. Tana muni a ido, amma babban itace ba ya damuwa da ita. Darɓa ta fi su haɗari: tana tsotse toho, tana barin danƙo da ke yin baƙi a ganye, kuma tana ɗaukar wata cuta daga lemo zuwa lemo wadda lemun tsami ba ya jurewa, ba ta kuma da magani. In ka ga tururuwa na hawa da sauka, juya ganye ka duba. Daka ƙwallon darbejiya rabin kilo, jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, tace, ka fesa da yamma, ka maimaita bayan mako. Kauci in ya fito a reshe, yanke reshen ƙasa da inda ya kama, don fizge shi kawai ba ya hana shi dawowa.

10. Fure da tsinka

Lemun tsami kan yi fure da yawa ya zubar da mafi yawansa. Wannan ɗabi'arsa ce, ba cuta ba. Zubar da ke da illa ita ce ta ƙananan 'ya'ya in aka bar ƙasa ta bushe ƙayau sannan aka cika ta da ruwa. Daga fure zuwa tsinka wata biyar zuwa shida ne.

Abin da ke tayar da fure a ƙasarmu shi ne ruwa bayan ƙishi, kuma masu lambu na amfani da wannan. Duk mai zuwa kasuwar 'Yan Lemo a Kano ya san lemun tsami na araha bayan damina, yana tsada da bazara. In itacenka ya haura shekara huɗu kuma yana da lafiya, ka hana shi ruwa mako uku zuwa huɗu bayan ɗaukewar damina, har ganye ya fara naɗewa da rana, sannan ka sa taki ka shayar sosai cikin Nuwamba. Fure zai biyo baya cikin 'yan makonni, 'ya'yan su nuna wajen Afrilu da Mayu. Sharaɗin shi ne kana da ruwan da za ka riƙe shi har ƙarshe, da abin tare iskar hunturu. In babu, bar shi ya bi damina. Ƙaramin itace ko marar lafiya ba a yi masa wannan.

Ka tsinka in fatar ta yi santsi, korenta ya fara haske, ɗan lemon kuma ya ɗan lotsa in ka matsa. Wanda ya yi rawaya ya fi ruwa amma ba ya ajiyuwa. A jira raɓa ta bushe, don wanda aka tsinka a jiƙe fatarsa kan yi tabo-tabo. A murɗa a hankali ko a yanka da almakashi, kada a kaɗa da sanda, sanda na zubar da furen gaba. Sa riga mai dogon hannu saboda ƙaya. In ruwan lemon ko man fatarsa ya taɓa hannu, a wanke da sabulu kafin a shiga rana, domin haɗuwarsu da hasken rana na ƙona fata har ta yi bororo ta bar baƙin tabo. A gaya wa yaran da ake aika su tsinko.